Hadda, Kibiya Ko Taswira: Wacce Za Ka Gina Karatun Oganik Kemistiri A Kanta?

Ɗalibin da ya buɗe littafin oganik kemistiri yana shirin jarrabawa, abin da ke fara karya masa gwiwa shi ne yawa. Riyakshan bisa riyakshan, kowane da sinadarin da ake zuba masa, da zafin da yake so, da ruwan da ake narkar da shi a ciki, ga sunayen masana rataye a wuyan wasunsu. Lokaci ba zai isa a yi wa kowane babi hidima iri ɗaya ba, don haka tilas mutum ya yanke shawarar hanyar da zai ba mafi yawan sa'o'insa.

Hanyoyi uku aka fi bi. Akwai masu hadda, waɗanda ke rubuta kowane riyakshan a kati, tambaya a gaba amsa a baya, su yi ta maimaitawa har ya zauna. Akwai masu bin mekanizim, wato su koyi yadda elektiron ke tashi daga wannan wuri ya sauka wancan, suna nuna tafiyarsa da lanƙwasasshiyar kibiya. Sai masu taswira, waɗanda ke samun babbar takarda su jera dangogin sinadarai, alkin da alkohol da aldihaid da sauransu, su ja layi daga wannan zuwa wancan, su rubuta abin da ke yin aikin a kan layin. Babu mai cin jarrabawa da guda ɗaya tak, amma kowa akwai wadda yake gina karatunsa a kanta, sauran biyun su zama 'yan rakiya. A ganina mai isasshen lokaci ya gina a kan kibiya. Sai dai akwai yanayin da wannan shawara za ta cuci mutum, kuma zan zo kansa.

Mu fara ba hadda haƙƙinta, don ana yawan raina ta ba bisa adalci ba. Akwai abubuwa birjik a wannan fanni da babu kibiyar da za ta haifar maka da su a ɗakin jarrabawa. In aka dafa etanol da H2SO4 mai ƙarfi a wajen digiri 170, CH2=CH2 ake samu; in aka sauke zafin zuwa wajen 140 aka bar etanol ya yi yawa, eta ce ke fitowa. Gishirin dayazoniyam ana haɗa shi da NaNO2 da HCl ne a tsakanin digiri 0 da 5. Kana iya fahimtar dalilin sanyin, cewa in ya ji ɗumi yakan wargaje ya saki iskar naitirojin, amma lambar kanta sai an haddace. Haka launukan gwaji. Daikuromet daga ruwan lemo yake komawa kore, ruwan Fehling mai launin shuɗi yakan ajiye jan garin Cu2O, na Tollens ya shafe cikin kwalbar gwaji da madubin azurfa, gwajin ayodofom kuma ya ba da rawayan garin CHI3. Waɗannan maki ne na ɓagas ga wanda ya riƙe su. Wanda bai riƙe ba kuwa, ko ya fi kowa basira a ajin, sai dai ya yi canki.

Amma hadda suna ta tara. Katin da ke tambayar "me LiAlH4 ke yi?" bai kai wanda ke tambayar "me zai sami esta in aka zuba mata NaBH4, me zai same ta in aka zuba LiAlH4?" amfani ba. Masu shirya tambayoyi sun fi son sinadaran da ke zuwa biyu-biyu, masu kama da juna amma kowane da iyakarsa. NaBH4 yana mayar da aldihaid da kiton alkohol, a yanayin da aka saba ya bar esta da asid ɗin kaboksil yadda ya same su, kuma ana iya aiki da shi a cikin etanol ko metanol. LiAlH4 ba ya ƙyale ko ɗaya daga cikinsu, har amaid yana mayarwa amin, amma ba ya jituwa da ruwa ko kaɗan, sai a busasshiyar eta. Alkain in aka ba shi haidirojin da katalis ɗin Lindlar yakan tsaya a alkin mai siffar sis, wato rukunan biyu a gefe ɗaya na tagwayen ɗaurin. In aka ba shi sodiyam a cikin amoniyar da aka sanyaya har ta zama ruwa, tirans yake bayarwa, wato rukunan a gefe daban-daban. Haloalkan da KOH a cikin ruwa sun fi karkata ga musanya, a sami alkohol, KOH ɗin nan dai a cikin etanol da zafi ya karkata ga fiddawa, a sami alkin. Wanda ya haddace su gefe da gefe ya riga ya san inda aka ɗana tarkon.

Sannan akwai maganar lokacin bita. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, daga baya ta lafa. Shi ya sa tsarin da Sebastian Leitner ya fito da shi a 1972 yake aiki: katin da ka amsa daidai ya matsa zuwa akwatin da ba a yawan buɗewa, wanda ka faɗi ya dawo akwatin farko ku sake gamuwa gobe. Manhajar Anki irin wannan tunanin take bi. Wani bincike da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006 ya gano cewa ɗaliban da suka yi ta sake karanta rubutu sun fi tunawa bayan 'yan mintuna, amma da mako ya zagayo, waɗanda aka sa suka rufe takarda suka tuno da kansu ne suka yi gaba. Ke nan kallon jadawalin da aka manna a bango ba hadda ba ce. Sai ka rufe, ka rubuta da hannunka, sannan ka buɗe ka duba.

Inda hadda ke gazawa shi ne ba ta san baƙo ba. Abin da ta taɓa gani kaɗai take ganewa, jarrabawa mai kyau kuwa da gangan take kawo molekul ɗin da ba ya cikin littafi. Ga kuma wani ciwon: da zarar katunan sun yi yawa sai su fara cin juna, mutum ya tuna akwai H2SO4 a wurin, amma ya rasa mai ƙarfi ne ko mai ruwa-ruwa, alhali nan ne bambancin cire ruwa daga alkohol da ƙara ruwa a kan alkin yake.

Abin da kibiya ke saya maka

Lanƙwasasshiyar kibiyar nan ta fara bayyana ne a 1922, a wata takarda ta William Kermack da Robert Robinson, kuma har yau ba a sami abin da ya fi ta taƙaita wannan ilimi ba. Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancinta da hadda ita ce a ba su tambaya ɗaya.

Ɗauki dokar da masanin Rasha Vladimir Markovnikov ya bayyana a 1870. Mai hadda zai riƙe ta a haka: in aka ƙara HBr a kan alkin, haidirojin yana zuwa kan kabon da ya riga ya fi yawan haidirojin. A kan CH3CH=CH2 dokar ta ba shi CH3CHBrCH3, ya ci makinsa. Mai kibiya amsarsu ɗaya, amma ta wata ƙofar ya shigo. Shi zai ce tagwayen ɗaurin ne suka miƙa elektiron suka kamo H+, kuma H+ ɗin ya sauka a kabon na gefe ne domin cajin + ya zauna a kabon na tsakiya, inda maƙwabta biyu ke tallafa masa ya fi zama daram. Sannan Br− ya zo ya cike gurbin.

Yanzu a ɗan karkata tambayar, a ba su (CH3)3C–CH=CH2 da HCl. Mai hadda zai ɗora Cl a kabon na biyu, tunda haka doka ta ce. Mai kibiya kuwa, da ya zana kabokatayon ɗinsa, wato kabon mai cajin +, zai hango a maƙwabtaka akwai kabon mai ɗauke da metil uku. In ɗaya ya tsallako da elektiron ɗinsa, cajin zai koma kan kabon mai maƙwabta uku, wanda ya fi na farko zama daram. Haka kuwa ake gani a ɗakin gwaji, kaso mai yawa na abin da ke fitowa (CH3)2CCl–CH(CH3)2 ne. Irin wannan tsallaken, amma na haidirojin, shi ke sa in aka haɗa benzin da CH3CH2CH2Cl da AlCl3, a riyakshan ɗin da Friedel da Crafts suka gano a 1877, mafi yawan abin da ake samu benzin ne mai ɗauke da CH(CH3)2, ba miƙaƙƙiyar sarƙar da aka zuba ba. A littafi babi biyu ne masu nisa da juna, dalilinsu kuwa ɗaya.

Ko togaciyar da ɗalibai ke haddacewa da ƙyar, ita ma ruwa ne da bai yi tsami banza ba. Kharasch da Mayo sun nuna a 1933 cewa in akwai feroksaid, HBr yana juya wa dokar Markovnikov baya, a sami CH3CH2CH2Br. Dalili shi ne yanzu Br ne ke fara isowa a matsayin radikal, wato mai elektiron guda marar aboki, shi ma ya sauka a kabon na gefe domin radikal ɗin ya zauna a tsakiya. Ƙa'idar tana nan yadda take, wanda ya fara isowa ne ya canza. Cewa HBr kaɗai ke yin haka, ban da HCl da HI, wannan kam a sa shi a kati.

Babin kabonil ne wurin da nake so duk mai shakka ya gwada wannan hanya. Oksijin ya fi kabon jan elektiron, don haka kabon ɗin C=O kullum a yunwace yake, duk wani nukliyofil, wato mai rarar elektiron, can yake nufa. Haidiraid daga NaBH4, CN− daga KCN, kabon daga sinadarin Grignard (haloalkan da aka haɗa da Mg), naitirojin daga amin, duka kibiyoyi biyu ne iri ɗaya: daga nukliyofil zuwa kabon, daga tagwayen ɗauri zuwa oksijin. Tambaya guda ta rage, shin kabon ɗin yana riƙe da abin da zai iya saki? Aldihaid da kiton ba su da shi, sai riyakshan ya tsaya a ƙari. Asil kulorayid da esta suna da shi, sai oksijin ya dawo da elektiron ɗinsa ya kori wancan, a ƙare da musanya. Da wannan kaɗai ka rufe shafuka masu ɗimbin yawa. Za ka gane abin da ya sa asil kulorayid ya fi anhaidiraid saurin aiki, shi kuma ya fi esta, ita ta fi amaid. Za ka gane abin da ya sa sinadarin Grignard ke afka wa esta sau biyu: harin farko kiton yake haifarwa, kiton kuwa ya fi esta saurin karɓar hari, don haka ba a tsayawa sai an kai alkohol 3°, wanda kabon ɗinsa mai OH ke manne da kabon uku.

Har ma wasu daga cikin tagwayen da na ce a haddace, kibiya na iya sassauta nauyinsu. Kowa na haddace cewa sinadarin oksideshan PCC yana tsayar da alkohol 1°, wanda kabon ɗinsa mai OH ke manne da kabon ɗaya, a aldihaid, daikuromet a cikin asid da ruwa kuma ya wuce da shi har asid ɗin kaboksil. Sirrin ruwa ne. Aldihaid in ya sami ruwa, ruwan yana hawa kabonil ɗinsa kamar kowane nukliyofil, a sami kabon mai OH biyu, wanda ake iya sake yi wa oksideshan. PCC a cikin CH2Cl2 ake aiki da shi, babu ruwa, sai maganar ta ƙare a nan. Wanda ya gane haka ba zai ruɗe ba in littafinsa ya ce a janye aldihaid ta tururi tun yana fitowa, in kuma asid ake so a dafa ana mayar da tururin cikin kwalba.

Akwai 'yan lambobi kaɗan da ke ninka amfanin kibiya, su ne pKa, ma'aunin ƙarfin asid: ƙaramar lamba, asid mai ƙarfi. Asid ɗin asetik wajen 4.8, fenol wajen 10, ruwa da etanol wajen 16, alkain mai haidirojin a bakinsa wajen 25, amoniya wajen 38, alkan wajen 50. Sinadarin da Victor Grignard na Faransa ya gano a 1900, wanda ya kai shi ga lambar Nobel a 1912, ɗan gidan 50 ne, don haka duk wani OH ko NH ko COOH da ke cikin kwalbar zai miƙa masa H+ ya kashe shi tun bai ga kabonil ba. Daga wannan jerin dai za ka san NaNH2 na iya cire haidirojin daga bakin alkain amma NaOH ba zai iya ba, kuma asid ɗin kaboksil yana sa NaHCO3 ya yi kumfa alhali fenol ba ya sawa. Tambayoyi uku ke nan da mai hadda zai yi wa kati uku.

Babin da ya fi kayar da masu hadda shi ne na SN1 da SN2 da E1 da E2, wato hanyoyin musanya (SN) da na fiddawa (E), wanda Edward Hughes da Christopher Ingold suka tsara a Landan a shekarun 1930. Ba ya haddatuwa, domin amsar ba ta rataya a kan sinadari ɗaya ba. Sai ka duba kabon da ke riƙe da halojin, ka duba ƙarfin nukliyofil da girman jikinsa, ka duba ruwan da aka narkar da su, ka duba zafi. Kabon 1° bayansa a buɗe yake, nukliyofil na iya zuwa ta baya a mataki ɗaya, shi ya sa siffar molekul ke juyewa a SN2, juyin da Paul Walden ya fara lura da shi a 1896. Kabon 3° bayansa a toshe yake, amma yana iya riƙe cajin +, sai ya bi SN1 ko E1, in kuma aka kawo masa bes mai ƙarfi, wato mai ƙwace H+, ya bi E2. Kabon 2° ne mai rikici, a nan ake buƙatar dukkan tambayoyin huɗu. Gwajin Lucas ma, da ake haddacewa a babin alkohol cewa na 3° yana gurɓata ruwan nan take, SN1 ne kawai aka sa a kwalbar gwaji.

To, duk wannan ba a kyauta yake zuwa ba. Kibiya tana cin lokaci, kuma makonnin farko mutum ba ya ganin ribar, abokinsa mai kati yana zuba amsoshi shi yana fama da gane wa ke da rarar elektiron. Ba a koyonta da ido, sai da fensir. Akwai kuma haɗarin da na fi jin tsoro, wato ɗalibi ya haddace kibiyar kanta a matsayin zane. Alamarsa ita ce ya fara kibiya daga H+ ko daga cajin +, alhali kibiya daga inda elektiron yake take tashi, ɗauri ko tagwayen elektiron da ke zaman kansu. In jimillar caji a hagu ba ta yi daidai da ta dama ba a kowane mataki, akwai kibiyar da ta ɓata. Sannan akwai wuraren da bin mekanizim ɓata lokaci ne ga mai jarrabawa. Yadda haidirojin ke hawa alkin a kan nikel, ko yadda KMnO4 ke tsinka ɗauri, ko abin da ke gudana a ridakshan ɗin Clemmensen da Zn(Hg) da HCl, ba kasafai ake tambayar matakansu ba. A san abin da suke ci da abin da suke bayarwa, a wuce.

Taswira da tambayar da ke raba ɗalibai

Akwai irin tambayar da hadda da kibiya duka ke iya tsayawa cirko-cirko a gabanta: "daga CH3CH=CH2, nuna yadda za a haɗa CH3CH2CH2COOH." Mai kati ya san kowane mataki a ware, mai kibiya yana iya bayyana kowane mataki, amma ba wanda ya saba neman hanya. Mai taswira abin da zai fara yi shi ne ƙirga kabon. Uku aka ba shi, huɗu ake nema, ke nan sai an bi ta ɗaya daga cikin 'yan layukan da ke ƙara kabon. Ya san su, don a takardarsa da wani launi daban ya ja su: CN−, ko Grignard da CO2. Dukansu daga haloalkan suke tashi, kuma tunda sarƙar miƙaƙƙiya ce, dole Br ya kasance a gefe. Sai amsa ta jeru: HBr da feroksaid, sannan KCN a cikin etanol, sannan a dafa da asid mai ruwa. In da HBr zalla ya zuba, ya bi ta Mg da CO2, da (CH3)2CHCOOH zai samu, wani asid ne daban.

Ka lura daga ƙarshe ya faro ya dawo baya. Wannan salon tunani E. J. Corey ne ya tsara shi ya zama fanni, har ya sami lambar Nobel a 1990, kuma ɗalibi na iya amfani da shi tun daga tambaya mai mataki biyu. Shi ya sa taswirar da ke nuna "me alkohol ke zama" kaɗai rabin taswira ce. Kowane gida a takardar yana buƙatar layukan shigowa, wato "ta ina ake samun alkohol", don su ne ake bi in ana komawa baya.

A babin benzin taswira tana koyar da wani abu da kati ba ya koyarwa, wato wanne ake fara yi. In kana son Br da NO2 su zauna a matsayin meta, wato da kabon ɗaya a tsakaninsu a zoben, ka fara da naitireshan, don NO2 meta yake tura baƙo. In matsayin fara (para) kake so, wato suna fuskantar juna a zoben, ka fara da Br, don halojin, duk da yana rage wa zoben kuzari, matsayin oto, wato maƙwabtaka, da na fara yake turawa. In akwai Friedel da Crafts a cikin shirin, a yi shi kafin a sa NO2, don zoben da ke ɗauke da NO2 ba ya amsa wannan riyakshan.

Rauninta shi ne tana nuna hanya ba ta nuna abin da za a taka a kan hanyar. Layin ya ce LiAlH4 na kai esta alkohol, bai ce zai haɗa da kiton ɗin da ke ɗaya gefen molekul ɗin ba. Kuma taswirar da wani ya zana aka buga mai launi ba ta da amfanin wadda ka zana. Amfanin yana cikin zama da farar takarda, littafi a rufe, ka ga layukan da suka ƙi fitowa.

Yanzu ga zaɓin. Abu biyu ke yanke shi, sauran lokaci da irin tambayoyin da ake yi. Na biyun ba a cankarsa, a samo tsofaffin takardun jarrabawar a ƙirga. Nawa ne ke cewa "zana mekanizim" ko "bayyana dalili"? Nawa ne ke neman sinadari da yanayi kawai? Nawa ne ke ba da A da B da C a jere a ce ka gano su? Jarrabawar da mafi yawanta tambayoyin zaɓi ne masu neman launi da sinadari da sunan abin da ya fito, hadda na da babban rabo a cikinta, kuma saurin tunawa da take bayarwa na da daraja inda kowace tambaya ke da minti guda ko ƙasa da haka. Jarrabawar rubutu ta matakin jami'a kuwa, wanda ya shige ta da kati kaɗai zai sha wuya.

In kana da zango guda ko wata biyu zuwa uku, ka ba kibiya mafi yawan lokacinka, kuma ka bi ta a jere: asid da bes da pKa tukuna, sai musanya da fiddawa, sai ƙari a kan alkin, sai kabonil, sai benzin. Kati ya zama na abin da kibiya ta kasa haifarwa kaɗai, kwata ɗin awa a rana ya isa in ba a tsallake rana. Taswira kuma a ƙara mata layi duk ƙarshen babi, kada a bar ta sai daren jarrabawa.

In kwana goma ko mako biyu suka rage kuma ba ka taɓa zana mekanizim da kanka ba, a nan ne shawarata ta farko za ta cuce ka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gina a kan taswira, ka zana ta daga ka kowace rana har layukan su daina ɓacewa, ka haɗa da katunan tagwayen sinadarai da launukan gwaji. Daga kibiya ka ɗauki abu uku kacal waɗanda ribarsu ta fi wahalarsu: wane kabokatayon ya fi zama daram, harin nukliyofil a kan kabonil, da bambancin SN1 da SN2. Waɗannan ana iya kama su a 'yan kwanaki, kuma suna ceto tambayoyi da yawa.

Wanda ke tsakiya, ya karanta amma bai san inda yake yoyo ba, kada ya zaɓa da ji a jiki. Ya zauna ya amsa tsohuwar takarda guda da agogo a gabansa, sannan ya dubi kowane kuskure ya tambayi kansa irinsa. In ka san abin da ya kamata ya faru amma sunan sinadarin ko zafin ya kufce, aikin kati ne. In ka rubuta sinadarin daidai amma ka ɗora rukunin a kabon da ba shi ba, ko ka ba da musanya inda fiddawa ta dace, aikin kibiya ne, kuma ƙara kati ɗari ba zai gyara shi ba. In kowane mataki ka san shi da aka nuna maka amsar, amma da kanka ka kasa jera su, taswirarka ce ba ta da layukan shigowa.

Kowace ka zaɓa, a makonnin ƙarshe ka daina amsa tambayoyi babi-babi, ka cakuɗa su. Tambayar (CH3)3CBr da NaOCH3 tana da sauƙi in tana ƙarƙashin kan babin fiddawa, don kan babin ya riga ya ba ka rabin amsar. A takardar jarrabawa babu kan babi. Tana iya zuwa bayan tambaya a kan haɗa eta ta hanyar Williamson, inda CH3Br da (CH3)3CONa suka ba da eta lafiya lau, hannunka ya so ya sake rubuta eta ɗin nan, alhali a wannan karon kabon 3° ne ya gamu da bes mai ƙarfi, abin da zai fito (CH3)2C=CH2 ne.